Tsarabar Ƙurɗuba

Na sauke jaka a zauren Baba Mantau
ran Laraba, la'asar sakaliya,
ni na iso, ƙafafuna ba su gama dawowa ba.
Ya soke basilla a jikin fata,
ya ce: To, Zulai, mi kika gano?

Na ce: Baba, masallaci na gani mai kurmin ginshiƙai.
Na ƙirga ɗari biyu, lissafi ya kwance mini.
Bakan gizo bisa bakan gizo,
ja da fari, ja da fari,
har ido ya gaji ya zauna.
An dasa coci a cibiyarsa,
ƙararrawa ta gaje wurin ladan.
Mai gadi ya ga na daɗe gaban mihirabi,
ya matso, ya girgiza kai, ba faɗa.
Sai na haɗiye raka'a biyu,
na fito da su gindin lemo.
Suna nan a maƙoshina.

Ya ce: Ruwa hwa? Suna da ruwa?

Kogi ne kwance a ƙafar gari,
sunansa Larabci ne da baƙin harshe ya tauna
har uwarsa ba ta gane shi.
Gadar dutse ta girmi masallacin,
tana ɗaukar masu hoto ba ta ƙorafi.

Na hau mota na bi ƙauyuka.
Zaitun layi-layi a kan tuddai
kamar kitson da aka biya kuɗi mai tsoka.
Gidaje farare tas, sai ka ce a nono aka tsoma su.
Da azahar kowa ya ja ƙofa,
gari ya mutu, har kare ba ya amsa sallama.
Wata tsohuwa ta tsiyaya mini mai a kan burodi,
ta yi ta zuba, na yi ta zuba,
ba wadda ta ji wata, muka rabu da kewa.

Na ga kangon birnin wani sarki,
bai kai shekarunka a tsaye ba, Baba.
Yanzu da buroshi ake share masa ƙura,
dutsen da ya faɗi sai a ba shi lamba.
Na tuna ganuwarmu ta wajen Ƙofar Guga,
yadda muka ci ta kwando-kwando
muka yi ɗakuna da ita.

Bai ce komai ba.
Na miƙa masa tsaraba, 'yar jakar fata
da na saya a lungun dukawansu.
Bai duba zanen ba.
Ya shinshina, ya lanƙwasa, ya ɗora harshe.

Hwatar akuya ce, in ji shi. Jima ta yi,
amma bagaruwa ba ta san da ita ba.
Mai ɗinkin gwani ne,
sai dai nan, taɓa ki ji,
an kira shi cin abinci.

Ya yi shiru, babban yatsa na yawo a kanta.
Kakana ya sha ɗaura wa ayari jar hwata,
ta bi Agadas, ta shige rairayi.
Ba wadda ta dawo ta hwaɗi inda ta kwana.
Ko jikanyar akuyarmu ce
ta biyo ki ganin gida?

Kiran magariba ya taso daga wajen Gobarau,
jemagu suka fara tsallake sama.
Ya tura mini buzunsa da ƙafa.
Na biya magariba,
sannan na sauke biyun da na yi dako
tun daga gindin lemo.

Da na sallame, yana bakin ƙofa
yana kiwon sauran haske,
ya warware inda ɗan'uwansa ya yi gaggawa,
yana ƙarasa masa.